Kundin da Malam Yari Ya Shanya

Tun ranar da aka jawo kundin nan daga ƙarƙashin gado Malam Yari ya ce wani abu zai lalace. Bai san ko mene ne ba, amma ya faɗa, ya kuma yi ta maimaitawa a cikin mota tun daga Bungudu har Gusau. 'Yarsa Muzdalifa ba ta saurare shi ba. Da ta saurara, da an huta da wata biyu na kuka da ƙin cin abinci.

Kundin na mahaifinsa ne, marigayi Malam Isiyaku, limamin unguwarsu a Bungudu. Takardu ne fiye da ɗari biyu, ba ɗinki, an tara su cikin gafakar fata. Duk abin da tsohon ya ga bai kamata a manta ba, nan yake zuba shi da ajami: addu'ar da ya ji a bakin wani malami, maganin shawara, ranar da ruwan fari ya sauka, wanda aka haifa da wanda ya rasu.

Gara ce ta fara cin bakin gafakar. Muzdalifa ita ce autar Malam Yari, malamar firamare, mahaifiyarta Hajjo ta rasu ta bar ta tana 'yar shekara shida. Ta ji a rediyo cewa akwai wani ofishin adana kayan tarihi a Gusau da ke ɗaukar hoton irin waɗannan takardu ya ajiye, ya mayar wa masu abu abinsu. Sati biyu tana naci.

"Rubutun Malam za ki miƙa wa baƙi?" in ji uban. "In sun ɓatar fa?"

"Baba, gara ma ba ta nemi izininka ba."

Haka ya rufe shagonsa na kayan gyaran babur, ya rungume gafakar a ƙirji kamar jariri, suka tafi.

Ofishin dogon ɗaki ne mai kabad-kabad na ƙarfe, yana warin tsohuwar takarda. Wani saurayi siriri da farar safa a hannu ya taso ya rusuna ya gaida su, ya ce sunansa Abdulsamad. Malam Yari ya kwance igiyar gafakar, ya kai yatsa baki zai ɗaga takardar farko.

"Baba, don girman Allah, ban da miyau."

Malam Yari ya tsaya da yatsa a sama. "Shekara hamsin da takwas ina buɗe takarda da miyauna. Yau kai za ka hana ni?"

"Tawadar Malam ta gargajiya ce, Baba. Da ta ji danshi sai ta tashi."

Muzdalifa ta toshe baki da gefen hijabi, dariya ta ƙwace mata. Abdulsamad ya ɗaga kai ya dube ta, ya manta abin da yake faɗa, ya shiga gyara fitilar da babu abin da ya same ta. Malam Yari ya ga komai. Uba ba ya bukatar a yi masa bayani.

Aka ce aikin zai ɗauki sati shida, kuma sai an bar lambar waya.

"Ni ba ni duba saƙo," in ji Malam Yari a fusace. "Karɓi ta ɗiyata."

Suna fitowa bakin titi ya gane abin da ya yi da bakinsa.

Washegari da la'asar saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum. Abdulsamad ne daga ofishin tarihi. An ɗauki takarda goma sha biyu yau, duk lafiya lau. A gaya wa Baba babu wanda ya sa miyau."

Ta amsa: "Wa alaikumus salam, Malam Mai Safa. Na gaya masa. Ya ce a gaya maka yana ƙirga kwanaki."

Da farko kullum saƙo ɗaya ne. Kafin sati uku ya zama biyar. Malam Yari yana zaune kan tabarma yana cin tuwo, yana kallon 'yarsa tana yi wa waya murmushi.

"Har yanzu labarin kundin ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ban taɓa sanin Malam yana da ban dariya haka ba."

Saƙon da take karantawa a lokacin ga shi: "Jikar Malam, yau na tarar da maganin ciwon kai a wata takarda, a bayanta kuma addu'ar neman abokin zama nagari. Na kwafe addu'ar. Maganin ciwon kan sai in kin ƙi amsa mini zan koma in kwafo."

Ta rubuta: "Kwafi duka biyun. In ka zo gaban Baba za ka bukaci na farkon."

Ranar Lahadi Abdulsamad ya zo, da shadda mai guga, ba safa. Malam Yari ya zaunar da shi a zaure ya fara tambayar asali. Yaron ya ce shi ɗan Tsafe ne, mahaifinsa marigayi Malam Yazid malamin makaranta ne, har ya taɓa koyarwa a nan Bungudu.

Malam Yari ya gyara zama. "Yazid dogo, mai keke baƙi?"

"Shi ne, Baba."

"Ikon Allah! Ai a gidan nan ya zauna, shekara shida, ɗakin can na kudu. Malam ne ya ba shi. Ashe ma a nan aka haife ka."

A wancan zamanin Malam Yari direban babbar mota ne, yana Legas yana Gusau, wata guda bai kwana uku a gida ba. Amma ya san Malam Yazid mutumin kirki ne. Ranar har fura ya sa aka damo wa baƙon. Ya dai ƙara da cewa zance a zaure za a yi, ƙofa a buɗe, kuma kafin magariba an tashi.

Suka bi doka. Shi yana wannan bango, ita tana wancan, uban yana waje kan benci yana gyaran rediyon da ba ta lalace ba.

"Kin san abin da na fi so a kakanki?" in ji Abdulsamad a hankali. "Ba ya raina komai. Ranar da kika yi haƙorin fari ma ya rubuta."

"Ƙarya kake."

"Wallahi. Ya ce kin ciji yatsarsa."

"To ka kiyaye naka."

"Ai ni da safa nake aiki, Jikar Malam."

Daga waje aka yi gyaran murya mai ƙarfi.

Ba kowa ya yi murna ba. Gwaggo Luba, ƙanwar Malam Yari, tana da nata ɗan takarar, ɗan wan mijinta mai shagon waya a Gusau. Ta ce ita ba ta ga abin so a mutumin da ke wuni yana shaƙar ƙurar matattu ba. Muzdalifa ta ce ta ji ta gani. Manyan Abdulsamad suka zo daga Tsafe da goro da alawa, aka ba su, aka sa rana bayan babbar Sallah.

Sai yaron ya ɗauke wuta.

Kwana ɗaya ba saƙo, kwana biyu ba kira. A na uku ta rubuta masa: "Mai Safa, in laifi na yi ka faɗa mini. In wata ka tsinta a cikin takardunka, ita ma ka faɗa mini. Shirun nan ne ba na so."

Bai amsa ba. Gwaggo Luba ta ce ai ta faɗa, namiji ne, ya ga wata a Gusau.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Abdulsamad ya bayyana a shagon Malam Yari, idanunsa sun faɗa. Ya ciro hoton wata takarda daga ambulan.

"Baba, na gama ɗaukar hoto, na shiga karantawa don in rubuta abin da ke cikin kowace takarda. Sai na tarar da wannan."

Malam Yari ba ya iya karanta hannun mahaifinsa sosai, don rubutun tsohon ƙanana ne a cunkushe. Ya ce a karanta masa.

Abdulsamad ya karanta: "Hajjo matar Yari ta shayar da jaririn Malam Yazid kwana huɗu, uwarsa tana jinya. A kiyaye."

Duk wanda ya yi karatun allo ya san hukuncin. Yaron da ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan'uwansa, babu aure a tsakani har abada.

"Wane jaririn?" in ji Malam Yari. "Ku nawa aka haifa a gidan nan?"

"Mu biyu. Yayana Zaharaddeen, sai ni bayan shekara uku. Malam bai sa suna ba, don ba a riga an yi suna ba lokacin. In Yaya ne ya sha, shi kaɗai abin ya shafa. In ni ne..."

Malam Yari ya sake duba hoton.

"To ba shekara a jiki?"

"Malam yana rubuta shekara ne a saman takardar farko kawai, sauran su biyo bayanta. Wannan ita ce ta uku bayan takardar shekarar da aka haife ni."

Malam Yari ya miƙe ya sake zama. "Wa ya aike ka karantawa? Hoto aka ce ka ɗauka! Hoto!" Sai ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya dafe kai. "Astagfirullah. Ka yi daidai, yaro. Ka yi daidai, Allah ya isa tsakanina da garar nan."

"Baba, tambaya ɗaya. Akwai wanda ya taɓa sake jera takardun nan bayan Malam?"

"Babu," in ji Malam Yari da sauri, yana kallon wata tayar babur a bango.

Da aka gaya wa Muzdalifa ba ta yi ihu ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Tuwon da aka ajiye mata haka aka ɗauke shi.

Washegari Malam Yari ya ɗauki Abdulsamad suka tafi Tsafe wurin mahaifiyarsa, Inna Saude. Suka same ta tana gyaran zogale a tsakar gida. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye faifan.

"Awo, an yi haka. Hajjo ta karɓi ɗaya, Allah ya jiƙanta."

"Wanne?"

"To, a haihuwar Zaharaddeen nono ya yi mini ciwo, ga zazzaɓi. A ta wanga kuma jini na zubar, kwana biyar ban san inda kaina yake ba. Ɗaya Hajjo ta ba, ɗaya madarar gwangwani aka ba shi. Wanne ne wanne, wallahi ba zan yi rantsuwa ba."

"Haba Saude! Ke fa kika haife su!"

"Kai da matarka ta shayar, kana ina?"

"Ina Legas."

"To."

Hajjo da ta sani ta rasu. Malam Yazid ya rasu. Tsohuwar da ta yi musu ungozoma ita ma ta daɗe a ƙasa. Gwaggo Luba lokacin tana aure a 'Yankuzo. Ita Hajjo kuwa duk shekarun biyu tana da goyo, yayyen Muzdalifa, don haka ta nan ma babu mafita. Aka kai maganar wurin limamin unguwa, ya ce tunda rubutun malami ne kuma yana ƙarƙashin shekarar yaron, a dakatar da komai.

Aka dakatar. Gwaggo Luba ta fara zuwa gidan kullum da labarin mai shagon waya, yau ya sayi fili, gobe ya gaishe ta da atamfa.

Bayan sati biyu saƙo ya shigo wayar Muzdalifa.

"Muzdalifa, na rubuta na goge ya fi sau goma, don ban san da wane suna zan kira ki ba yanzu. Ki yafe mini shirun da na yi. Na so in ɓoye takardar nan, kwana uku ina fama da zuciyata, na kasa. Ki ci abinci don Allah."

Ta amsa masa: "Da ka ɓoye da ban aure ka ba ko da an halatta. Amma kada ka kira ni ƙanwa. Kira ni da sunana har Allah ya bayyana gaskiya."

Daga nan suka daina rubuta wa juna, don ba su san matsayin da suke ba.

Malam Yari ya rame fiye da 'yar tasa. Ya ba wani mai babur fulogi a maimakon kebur, ya yi faɗa da mai shayi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai abin da ke cin sa, wanda bai gaya wa kowa ba shekara goma sha biyu.

Wata rana da hantsi ya dawo gida ɗaukar makulli, ya tarar da ita zaune bakin rijiya da kwanon wanki a gaba, hannu cikin ruwa, ba ta wanke komai.

"Baba," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Inna ba ta taɓa gaya maka ba? Ko sau ɗaya?"

Ya zauna kan turmi. Ya cire hula ya mayar.

"Muzdalifa, akwai wata magana. Daminar da Malam ya rasu, ɗakinsa ya yi yoyo. Gafakar ta ji danshi."

Ta ɗago.

"Sai na fito da takardun na shanya su a tabarma, nan inda kike zaune. Na ɗora duwatsu. Na shiga wanka, iska ta taso."

"Baba."

"Na tsince su duka. Ina jin duka. Akuyar Luba tana nan lokacin, amma na kore ta da wuri."

"Ka mayar da su yadda suke?"

"Na jera su da kyau," in ji shi da ƙaramar murya. "Manya a ƙasa, ƙanana a sama. Don su zauna daidai cikin gafaka."

Muzdalifa ta miƙe tsaye, kumfa na zuba daga hannunta. "Girma-girma? Kamar farantai? Baba, ya tambaye ka! A gabanka ya tambaya ko an taɓa su, ka ce babu!"

"To mi zan ce? In ce wa yaron da ya hana ni sa miyau na shanya rubutun ubana kamar kuɓewa?"

"Wata biyu ina kuka!"

"Ni ma ai ban yi barci ba!"

Suka tsaya suna kallon juna. Ita ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya. Shi kuwa ya ɗauki makullinsa, ya ce ta sa hijabi, Gusau za su yanzu.

A ofis Malam Yari ya faɗi komai a tsaye, kamar mai ba da shaida a kotu. Abdulsamad ya zauna ya rufe fuska da tafuka biyu.

"Manya a ƙasa," ya ce a hankali.

"Na ji, na ji. Ɗiyata ta riga ta yi mini wankin babban bargo. Yanzu dai takardar ba ta shekararka ba ce ke nan?"

"Ba mu sani ba, Baba. Da muna da shekarar da ba daidai ba. Yanzu ba mu da shekara ko ɗaya."

Abdulsamad ya miƙe. Ya sa safa, ya jawo kundin, ya juya wata takarda ta baya. A can kusurwa akwai ƙaramar lamba da fensir, da rubutun boko. Ya ce tun farko ya ga irin lambobin nan a bayan wasu takardun, a hargitse, sha biyu kusa da tamanin. Da Baba ya ce ba a taɓa jerin ba, sai ya ɗauka ba su da alaƙa da shi. Ya nemo takardar shayarwar ya juya ta. Saba'in da bakwai.

"Malam yana rubuta lambar boko?"

"Ko sunansa ba ya rubutawa da boko," in ji Malam Yari.

Abdulsamad ya fita, ya dawo da wata dattijuwa mai gilashi a rataye a wuya. Madam Dorcas ce, mai kula da ɗakin ajiya, wadda ta zo Gusau tun tana budurwa, saura wata huɗu ta yi ritaya. Ta sa gilashi ta sunkuya.

"Wannan bakwai mai ɗamara a tsakiya ai tawa ce," ta ce. "Daga ina takardun nan?"

"Bungudu."

Ta yi tsaye tana tunani, sai ta tafa hannu. "Tsohon nan mai jan rawani! Farkon buɗe ofishin nan mun zaga garuruwa da injin kwafi da janareta a bayan a-kori-kura. Ya yarda a kwafa, amma ya tsaya a kaina tun safe har azahar. Ni na sa lamba a bayan kowace takarda don kada in rikita masa jeri. Ban manta shi ba, don da na kai yatsa baki zan ɗaga takarda, tsawa ya daka mini."

Muzdalifa ta juya ta dubi ubanta. Malam Yari ya dubi silin.

"Kwafin yana nan?" in ji Abdulsamad.

"Ɗana, a ɗakin nan babu abin da nake zubarwa. Sai dai nemo shi."

Kwana biyu aka yi ana sauke kwalaye. Malam Yari bai buɗe shago ba, kullum yana ofis tun kafin masu aiki, yana ɗaukar kwali yana atishawa yana mita. Ranar ta biyu da azahar Madam Dorcas ta zaro wani fayil mai ruwan ƙasa da aka ɗaure da zare, an rubuta Malam Isiyaku, Bungudu.

Abdulsamad ya buɗe lamba saba'in da bakwai. Ga maganar shayarwar nan, baƙi a kan fari. A ƙasan shafin akwai hatimin ofis da kwanan wata: goma sha ɗaya ga Maris, 1997.

Ya zauna a ƙasa, kan siminti, da fararen kayansa.

"Mi ya faru kuma?" in ji Malam Yari. "Ku yi mini magana, zuciyata ba ta da ƙwari."

"Baba, an haife ni a watan Agusta, 1998."

"To sai mi?"

"Ranar da Madam ta kwafi takardar nan ba a haife ni ba. Ko cikina ba a samu ba."

Malam Yari ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa. "Wato takardar ta girme ka?"

"Kwafin ma ya girme ni da shekara ɗaya da wata biyar."

Madam Dorcas ta ɗaga shafi na gaba ta miƙa masa. Abdulsamad ya karanta: "Yau an raɗa wa jaririn Malam Yazid suna Zaharaddeen. Allah ya raya."

Muzdalifa ta juya wa kowa baya ta fuskanci kabad, kafaɗunta suna motsi. Malam Yari ya ce shi bai yarda ba sai liman ya gani da idonsa, ya sa aka yi kwafin kwafin har uku. Liman ya gani, ya ce magana ta ƙare, a ci gaba da shiri.

Suna cikin motar komawa Bungudu saƙo ya shigo.

"Jikar Malam. Na yi wata biyu ina riƙe da sunan nan a baki."

Ta rubuta: "Mai Safa, kada ka ƙara karanta komai sai bayan ɗaurin aure."

An ɗaura auren a ƙofar gidan Malam Isiyaku, sati uku bayan babbar Sallah. Zaharaddeen ya zo daga Tsafe ya rasa gefen da zai zauna, don shi wan ango ne kuma wan amarya. Ya warware matsalar da cin abinci a gefe biyun. Madam Dorcas ta zo da ankon 'yan uwan amarya, mata suka ja ta cikin gida suna ce mata uwar biki. Gwaggo Luba ta ce ita dama tun farko ta san yaron nan alheri ne, kuma akuyarta ba ta taɓa cin takarda ba.

Da za a tafi da amarya, Malam Yari ya kira su biyun zaure. Ya shirya dogon jawabi, amma da ya ga 'yarsa a lulluɓe sai duk ya gudu.

"Abdulsamad, ka ga abin da zai raba ka da ita, ka kawo shi da hannunka. Wanga ya ishe ni shaida. Ga ta nan, marainiya ce, ka riƙe ta yadda kake riƙe takardun nan." Ya share ido da bakin riga. "Ke kuma ki rage gardama. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu jin maganar iyaye, ba irin wasu ba."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Kundin yanzu yana ofis, cikin kwali mai tsabta. Malam Yari ne da kansa ya ce a bar shi can. Abdulsamad ya bi lambobin Madam Dorcas ya mayar da tsofaffin takardun jerinsu na asali, sai ya tarar guda ɗaya babu, lamba hamsin da takwas. Aka duba kwafin. A ranar da aka yi shi injin ya ɓata wannan shafin, ya fito baƙi ƙirin, layin sama kaɗai ake iya karantawa: "Wasiyya ga ɗana Yari."

Malam Yari ya kwashe kayan ɗakin Malam gaba ɗaya, ya leƙa bayan rumbu, ya tambayi maƙwabta ko iska ta taɓa jefa musu wata takarda shekara goma sha biyu da suka wuce. Duk ranar Talata yakan je Gusau ya sa surukinsa ya ɗaga baƙin shafin a gaban fitila, ko wani harafi zai fito.

Har yau ba a san ko iska ce ta tafi da takardar ko akuya ba, kuma babu wanda ya san abin da Malam Isiyaku ya so ya gaya wa ɗansa.